Azumin da Siniya Ta Dawo Wayam

Azumin bana ya zo mana a ƙarshen sanyi, ƙishirwa ba ta wahalar da kowa ba. Yunwa ce ta yi aikin. Muna zaune kusa da Sinja a ƙasar Sudan, a gidan da ba namu ba, tun da yaƙi ya tashe mu daga ƙauyenmu na Jazira. Kowace yamma nakan leƙa ta ƙofa in ga maza suna fitar da siniya, wato babban farantin buɗa-baki, zuwa tabarmar da aka shimfiɗa a bakin hanya. Da hannu ɗaya suke ɗaukar ta. Siniyar da ta cika hannu biyu take so, wani lokaci har da kai. Sau ɗaya na taɓa ganin irin wannan ɗauka, shekara arba'in ke nan ko kusa da haka.

Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, inda ake cewa "ƙarancin abinci". A gidanmu a waccan shekarar ba mu ce masa komai ba, kuma rashin faɗin ne ya kusa kashe mana rai.

Ƙauyenmu yana kudu da Hasahisa, a gefen babbar hanyar mota. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso, suka tsaya a nan, harshensu ya tsaya tare da su. Babana, Malam Haruna, yana da hawasha, gonar da hukuma ke ba manomi ya noma auduga da dawa da ruwan tur'a, babbar magudanar da ke kawo ruwa daga kogi. Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Ruwan tur'a ya zo a makare, ya zo kaɗan. Dawa ta yi kara ba ta yi zangarniya ba. Yayana Bello ya tafi neman aiki wajen manyan gonaki na kudu, ya bar matarsa Hajara a hannun Baba da tsohon ciki. Ta haifi mace. Da azumi ya kama jaririyar tana da wata biyu, ba a kuma ji ɗuriyar Bello ba.

Mu huɗu ke nan a gida, ban da jaririyar: Baba, Inna, Hajara, da ni Saude, ina da shekara ashirin. Ban daɗe da dawowa daga Hasahisa ba, inda na yi shekara biyu ina aikin gida wa wani injiniya Ba'indiye na masaƙar garin. Da aiki ya ja baya suka koma ƙasarsu. Matarsa ta bar mini kasko mai zurfi, da gwangwanin kayan ƙamshi, da ragowar buhun kabkabe, wani wake mai dunƙulallen ƙwaya da ake dafawa a azumi. Ƙwari sun fara huda shi. Na jefa shi ƙarƙashin gado na manta.

Azumin ya faɗo a tsakiyar bazara. Kafin hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Tur'a ta zama laka mai tsagewa, sai mu bi jakin maƙwabta zuwa kogi tun da duku-duku mu ɗebo ruwan yini. Da rana kowa ya sami inuwa ya kwanta, a jiƙa zane a rufa, kafin ka juya ya bushe. Hadari yakan taso daga kudu da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ruri, ya watse. Yau yara suna duba waya su gaya mana saura minti nawa a sha ruwa. Mu inuwar katangar ɗakin girki muke kallo. In ta taɓa turmi, a ɗora tukunya.

Ga yadda al'adar siniya take a wajenmu. Gida bakwai ne a layinmu. Dab da magariba kowane magidanci zai fitar da siniyarsa zuwa tabarmar bakin hanya, maza su haɗu su sha ruwa tare. Wasu za su tsaya a tsakiyar kwalta, su warware rawani su ja shi daga gefe zuwa gefe, duk motar da ta zo sai ta tsaya mutanen ciki sun sauko sun ci. Barin matafiyi ya wuce ƙofarka da azumi a bakinsa abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. A shekarun wadata mata suna da tasu tukunyar a cikin gida. A waccan shekarar siniyar ita ce tukunyar. Abin da ya dawo, shi muke ci. Mazan layin sun san haka, don a kowane gida haka ne. Sai suka riƙa ci da yatsa biyu, su yi hamdala da wuri, kowa ya mayar da rabin siniyarsa. Ba wanda ya taɓa furta wannan tsari.

Ranar goma ga wata Inna ta kife kwandon dawa ta buga gindinsa. Abin da ya zubo na kunu ne, ba na tuwo ba.

A ranar ne kuma na shiga ɗakin Hajara ba sallama, na same ta tana tsoma yatsa a ruwa tana sa wa jaririyar a baki. Na ɗaga ɗankwalin da aka rufa wa yarinyar. Maɗigarta ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa.

"Ina nono?" na ce.

"Yi shiru, Saude."

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu. Yana zuwa kaɗan-kaɗan."

"Kuma azumi kike yi? Mai shayarwa?"

Ta dube ni kamar ni ce mara hankalin. "In na sha, mi zan ci? In tahi in ce ma Inna ta ba ni abinci da rana tsaka, gidan surukaina?"

Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce wauta ce. Jaririyar 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya ce mata ta je. Hajara da kunyarta aka yabe ta aka auro ta. Ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan faɗa ba. Ban rantse ba, na fita. Sai na tuna da buhun ƙarƙashin gado.

Matar injiniyan takan yi wani soye da suke kira pakora, ranar da aka yi ruwa ko ta yi baƙi. Abin da ya sa na tuna shi, gari kaɗan yake ci. Ganye da albasa su ne jikinsa, garin kabkabe riƙe su kawai yake yi. Albasa kuwa muna da ita, ƙananan da 'yan kasuwa suka ƙi saye, a baje a bayan ɗaki. Akwai bishiyar zogale a tsakar gida. Akwai man angurya kwalba ɗaya da Inna ke ɓoyo don Sallah.

Na tsince kabkaben, na shanya shi a rana ƙwarin suka gudu, na niƙa shi a dutse busasshe, na tankaɗe. Gwangwani tara na samu. Na ware ɗaya. Na yanka albasa siri-siri har ta cika ƙwarya, na barbaɗa gishiri, na murza da hannu, na ajiye ta ta yi gumi. Na zage zogale, na yanka ganyen kabewa da barkono. Inna tana zaune a kan turmi tana kallo.

"Ke, wanga wane irin ƙosai na? Ba a jiƙa ba, ba a surfa ba, ba a buga ba?"

"Ba ƙosai ba na, Inna. Na Indiyawa na."

"To ƙosan Indiya ke nan. Su ma ai baki gare su."

Da albasar ta saki ruwanta na zuba ganyen, na sa kurkum da ɗan kayan ƙamshin, na riƙa barbaɗa garin ina cakuɗawa har kowane silin albasa ya sami riga. Inna ta miƙe ta ɗebo ruwa a moɗa za ta zuba. Na riƙe mata wuyan hannu. Ban taɓa yin haka ba.

"Shekara talatin ina tuyar ƙosai," ta ce, "yau ɗiyar da na haifa ta riƙe min hannu."

"In ruwa ya shiga zai sha mai, Inna. Kwana biyu kwalbar ta ƙare. Matar nan kullum abu ɗaya take faɗa min, ban da ruwa."

Ta dubi kwalbar, ta ajiye moɗar.

Na sa mai a kasko ya yi zafi. Ba da cokali ake sakawa ba, da 'yan yatsu ake tsakura a saki, kowane da irin siffarsa, da ƙafafu da ƙahoni. Ya yi ƙara, ya taso, gefensa ya yi ja. Ƙamshin ya cika gidan da wata uku ba a soya komai a cikinsa ba. Duk muna azumi, ba mai ɗanɗana gishiri. Daga gwangwani ɗaya na sami tuli. Na fara ware na Hajara a kwano, Inna ta juye shi a siniya.

"Siniyar Malam ba ta fita da gindi a waje. Ai rabi zai dawo."

Ni ma na yarda rabi zai dawo. Baba ya shigo, ya ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, ya dube mu, ya ɗauka da hannu biyu.

Ana saura kaɗan a kira salla muka ji ƙarar birki. Na leƙa ta tsagar katanga. Babbar mota ce, shaƙe da mutanen yammacin ƙasar da fari ya koro, maza da mata da yara a kan kayansu. Mazan layinmu sun ja rawani suna ihu, "Wallahi ba ku wucewa! Itfaddalu, bismillah, ku sauko!" Suka sauko. Ba su san tsarin yatsa biyu ba, ko da sun sani ba su da ƙarfin bin sa. Na ga wata mata tana tura wa ɗanta a baki da hannu biyu.

Siniya ta dawo wayam, har man an suɗe. Baba yana dariya, karo na farko tun girbi.

"Saude, Allah shi yi miki albarka. Wani tsoho har da hawaye. Gobe a ƙara."

"To, Malam," in ji Inna.

Muka sha kunu tsinkakke. Na tace man da tsumma, ɓarɓashin da ya rage a tsumman na kai wa Hajara. Bai cika tafin hannu ba.

Washegari ba motar da ta zo, na ce yau kam. Amma Baba ya riƙa tura siniyar gaban maƙwabta yana cewa su ci, su ci, kuma mutumin da ya yi wata uku bai ji maiƙo a harshensa ba, in ka ajiye masa soye mai zafi, yatsunsa ba sa jin magana. Wayam ta dawo. Rana ta uku motar fasinja aka tare. Saura gwangwani shida.

Da safiyar rana ta huɗu jaririyar ta daina kuka. Tana buɗe baki, sauti ba ya fita. Na sami Inna a bayan ɗaki tana juya albasa.

"Inna, nonon Hajara ya ƙafe."

Ba ta ɗago ba. "Kina tsammanin makauniya ta ni? Wa ke yi ma yarinyar wanka?"

"To ki faɗa ma Baba."

"In ce mishi mi? In ce Malam gidanka ya ƙare? Amanar ɗanshi da aka bar mishi tana mutuwa da yunwa? Bakina ba shi iya ɗaukar wagga magana. A jira Sallah, Allah na nan."

"Saura kwana goma sha shida."

Ta ci gaba da juya albasar da ba ta bukatar juyi.

Da azahar, lokacin da ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, na hura wuta. Na san abin da nake yi. Ƙamshin soye da rana tsaka cikin Ramadan ba ya tsayawa a gida ɗaya, layin duka zai ji, kuma kowa zai san daga ina. Na yanka albasa, na murza, na jira ta yi gumi. Na soya gwangwani guda. Kashi biyu cikin uku na zuba a kwano, na haɗa da kunu, na shiga ɗakin Hajara na ja labule.

"Tashi ki ci."

"Saude, ki ji tsoron Allah. Rana tana tsaka."

"Allah ya ɗauke miki. Mutane na ba su ɗauke miki ba."

"Inna tana waje."

"Ko ki ci, ko in ɗauki 'yar nan yanzu in kai ta masallaci in aje gaban liman, ki yi mishi bayani."

Ta san zan iya. Ta juya fuskarta ga bango ta ɗauki ɗaya. Ta daɗe tana tauna shi. Na biyu bai daɗe ba. Tana ci tana kuka ba sauti, ni kuma ina zaune a bakin ƙofa da azumina, ina jin ƙarar kowace tauna a cikin kaina. Inna ta zo wucewa, ta ga labule a ja, ta koma ta wata hanyar.

Da inuwa ta taɓa turmi Baba ya shigo. Fuskarsa ta nuna an riga an yi masa magana a masallaci. Ya ɗaga faifai. Soyen yana tsakiyar siniya kamar tsibiri, ƙarfe yana ƙyalli ta kowane gefe.

"Wa ya yi tuya da rana gidana?"

"Ni ta, Baba."

"Ina sauran?"

"Hajara ta ci."

Ya juya ga Inna. Inna ta dubi ƙasa. Ya ce, a hankali, wanda ya fi tsawa ban tsoro, "Wannan za ni kai gaban mutane? Ubana bai taɓa fitar da irin wagga ba. Abin da kika koyo gidan Indiyawa ke nan, ki ci mutuncin ubanki?"

Na shiga ɗaki na ɗauko yarinyar. Hajara ta kama min zane, na fizge. Na zo na sa masa ita a hannu. Rabonsa da ɗaukarta tun ranar suna. Na ga hannayensa sun yi sama kaɗan, kamar wanda ya shirya ɗaukar tulu cike ya tarar ba komai ciki. Na zame ɗankwalin. Ya sa yatsa a maɗigar ya bar shi a wurin.

Daga waje maƙwabcinmu Baffa Sidi yana kira. "Malam Haruna! Rana ta faɗi! Ina ƙosan Indiya? Ko yau amarya ta yi yaji?" Maza suka yi dariya.

Baba ya miƙa wa Inna yarinyar. Ya ɗauki siniyar, ya taka zuwa ƙofar ɗakin Hajara, inda bai taɓa tsayawa ba, ya ajiye ta a ƙasa gaban labule. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Na manna kunne a katanga. Dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Baffa Sidi ya ce, "Malam, ina siniya?"

"Babu," in ji Baba. Da ƙarfi ya faɗa, yadda na ƙarshen tabarma zai ji. "Gidana ya ƙare, ya jama'a. Ina da mai jego, nononta ya ƙafe. Ba ni da abin fitarwa."

Aka kira salla. An ce Baffa Sidi ya tura masa tasa siniyar, Baba ya ɗauki dabino ɗaya ya sha ruwan butarsa.

Washegari da sassafe surukar Baffa Sidi, matar ɗansa mai goyon ɗa namiji, ta shigo ta gaida Inna, ta wuce ɗakin Hajara, ta ɗauki yarinyar ta sa a nono. Sau uku take zuwa a yini. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita duk kwanakin nan. Wani gida ya aiko da dawa rabin kwano. Kafin mako ya cika gida biyu sun daina fitar da siniya su ma, tabarmar ta ragu, aka riƙa tare motoci da ruwa da dabino kawai. A gidan ƙarshen layi ba a yi magana ba, sun binne yaro kwana uku kafin Sallah.

Baba ya ci gaba da fita kowace magariba da butarsa kaɗai, ya zauna a gefen tabarma. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Bai sake yi mini magana ba sai ranar idi, kuma ko a ranar gaisuwata kawai ya amsa.

Gwangwani biyar da suka rage na raba su rabi-rabi, na ƙara zogale, na ƙara albasa, har soyen ya koma kusan ganye zalla. Man ya yi baƙi saboda maimaici. Kullum da azahar nake soyawa, Hajara ta ci da rana, ta ci da magariba. Inna ce ta karɓi yankan albasa, ta fi ni iya siri.

Rana ta shida da fara ciyar da Hajara muna ɗakin girki ni da Inna, surukar Baffa Sidi ba ta zo ba tukuna, yarinyar ta fara kuka a ɗaki, kuka mai ƙarfi na mai jin haushi. Inna ta ce in leƙa katanga in kira ta. Ban kai ga tashi ba sai ga Hajara a bakin ƙofa. Ta tsaya kawai. A gaban rigarta, ta hagu, akwai jiƙa mai faɗin tafin hannu, tana ƙara faɗi muna kallo.

Inna ta duba sau ɗaya, ta mayar da ido kan wuƙarta.

"Zauna, Saude, yau ba a kiran kowa," ta ce. "Ke kuma mi kike tsaye kina yi? Ba ki ji ana kiranki ba?"

Hajara ta juya. A gaban surukarta, da gudu ta tafi.